Diddigen Mai Agogo

Zuwa ga Takwarata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da tsohon da na bar miki aro. Aro na ce, ki sake karantawa, don na san halinki. Yaya koyarwa? 'Yan ajin naki har yanzu suna goge majina da gefen mayafinki? Allah ya ba da lada.

Mu nan lafiya lau, sai sanyi. Tun da nake ban taɓa ganin ɗari irin na garin kawunki Auta ba. Gidan nasu a saman bene yake, tagogi a rufe ruf, ga wata hita a jikin bango tana ta huci ba hutu. Ɗaki kam ya yi ɗumi, amma 'yar banzar tana shanye ruwan duk abin da ta samu. Na wanke ɗankwali na rataya, kafin in sallame sallah ya bushe ƙamas. To ki auna abin da take yi wa fatar tsohuwa.

'Yan biyun suna nan kamar ka sace ka gudu. Ɗaya na sa masa Mai Ƙara, ɗayan Mai Barci. Mai Ƙara ya kwaso goshin kakanki da harararsa, in ya murtuke fuska sai ka ce an kawo masa agogon da wani ya riga ya kwance. Uwarsu tana samun sauƙi, amma ɗinkin aikin da aka yi mata bai gama kamewa ba, likita ya hana ta ɗaukar abu mai nauyi. Saboda haka ina nan sai sanyi ya wuce, babu yadda na iya.

Kada ki ce don me ban kira a waya ba. Kakanki in ya kara waya a kunne sai ya yi ta "iye? iye?" sannan ya kashe ya ce laifin waya ne. Ni kuma muryata ba ta san ƙasa-ƙasa ba, ina buɗe baki yara sun farka. Direban nan maƙwabcinmu yana kawo kaya garin nan, shi zai riƙa kai miki yana kawo mini. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san ajin da na tsaya.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ƙafar tsohon nan. Kin san yana da ciwon suga, kuma ƙafafunsa sun daina kai masa labari, ko ƙusa ya taka sai dai ya ga jini a safa. Duk sanyi diddigensa yana yin faso, kuma likita ya taɓa gaya mana a fili cewa faso a ƙafar mai suga ba abin wasa ba ne, in ya zama gyambo ana iya rasa ƙafar. Shi dariya ya yi. Ni ban yi ba.

Ga yadda ake yi. Ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba mai zafi ba, ki gwada da gwiwar hannunki, don shi ko dahuwa yake ba zai ji ba. Wankewa kawai, ban da jiƙo, ba wake ba ne. Sabulu kaɗan, marar ƙamshi. Ki tsane da tawul a hankali, kada ki dirza, ki bi tsakanin yatsu ki busar. Tun fatar da sauran danshi a shafa mai mai kauri, basilin ɗin kan taga ya isa, daga diddige har gwiwa, amma ban da tsakanin yatsu. Sai safar auduga. Kada ki bari ya miƙe ƙafa a gaban hita. Ki riƙa tura masa ruwan sha, da sanyi mantawa yake.

Ke ma ki shafa, kada in dawo in tarar kin yi fari fat kamar allon ajinku.

Ki gaishe shi, amma kada ki ce na tambaye shi, kansa zai kumbura.

Kakarki.

*

Kaka,

Ina gaishe ki da kyau, da Kawu Auta da mai jego da 'yan biyu. Muna lafiya. Mayafin da kike tambaya na daina zuwa da shi aji.

Na karanta takardarki na haddace kamar zan yi jarrabawa, amma jarrabawar na faɗi. Ranar farko na kawo ruwa a roba na ajiye a gabansa, na ce, "Mai Agogo, kawo ƙafa." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ƙafar wa?" Na ce tasa. Ya ce, "Ta yi miki wani laifi ne?" Na ce ke kika aiko. Ya ce, "To ki ajiye man nan. Ni yaro ne? Zan shafa da kaina." Ruwan kuma ya sa na zuba wa shukar bakin ƙofa.

Sai na zaci basilin ne ba ya so. Na shiga kantin magani na sayo mayuka kala-kala, har da wanda aka rubuta na masu suga a jikinsa. Ya karɓa ya yi godiya, ya jera su a kan teburin aikinsa tsakanin agogunan mutane, manya a baya ƙanana a gaba. Suna nan yadda ya jera su, ko ledar bakinsu bai ɓare ba. Basilin ɗin ne kaɗai ya ragu, na yi ta murna, ashe ƙyauren banɗaki ya shafa wa don yana ƙara.

Kaka, ba wasa nake ba yanzu. Jiya da safe na bi shi da kallo yana tafiya shago, a kan yatsu yake taka ƙafar hagu, mutumin da kika ce ko ƙusa ba ya ji. Da na zo wanki na ga tabo a diddigen safarsa. Na tambaye shi ya ce takalmi ne. Na ce zan gaya miki. Ya ce, "Gaya mata. Ta yi fiffike ta zo."

Na yi lallashi, na yi fushi, har kukan ƙarya na gwada, ya miƙo mini hankici ya ci gaba da aikinsa. Ke da kika zauna da shi shekara da shekaru, don Allah yaya kike yi?

Takwararki.

*

Takwara,

Na gaishe ki. Muna lafiya, mai jego ta fara takawa har kicin. Ina fata ke ma lafiya, ban da ciwon kan da na bar miki.

Laifina ne, na ba ki kayan aiki ban ba ki dabarar ba. Yarinya, ba a cewa kakanki "kawo ƙafa". Wanda ya ce masa haka ya riga ya faɗi. Kuma ki daina wahalar da kanki da kantin magani, matsalar ba a cikin kwalba take ba. Hannunsa ne ba ya kaiwa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a duƙe kan tebur yana leƙen hanjin agogo, bayansa ya sandare kamar katako. Kin taɓa ganin ya ɗaure igiyar takalmi? Me ya sa duk takalmansa na zurawa ne? Ya fi son ƙafar ta ruɓe da ya ce wa jikarsa, "ba na iya sunkuyawa." Kada ki nuna kin sani.

Ga dabarar, ki riƙe ta da kyau don ban taɓa gaya wa kowa ba. Kakanki ba ya iya yin abu biyu a lokaci guda. In yana gardama, ya manta yana da ƙafa.

Bayan la'asar, in ya dawo daga shago ya zauna a kujerarsa ta bakin taga, ki ɗauko 'yar kujerar nan ta tsuguno ki zauna kusa da ƙafarsa kamar wuri kawai kika rasa. Robar ruwa tana bayanki, tawul a kafaɗa. Kada ki dubi ƙafar ko sau ɗaya. Ki ce, "Kaka ta aiko da labari," ki fara karanta masa abin da zan rubuta a ƙasa, da ƙarfi, ta ɓangaren kunnen dama. Za ki ga ya ɗaga yatsa sama. To yatsan nan yana tashi, ke kuma ki ɗauki ƙafar ki ɗora a cinya. Ki ci gaba da karatu da baki, hannu yana aikinsa. In ya lafa, ki ce, "Amma Kaka ta rantse haka aka yi." Zai sake tashi.

Ga labarin.

A wani gida an yi wani dattijo mai agogon bango wanda ya tsaya cak. Aka kirawo wani saurayi mai gyara, siriri kamar tsinken tsintsiya, wuya dogo, ya aro takalmin yayansa da ya fi ƙarfin ƙafarsa, yana tafe suna faɗa masa baya, fat, fat. Ya shigo da sallama yana ta ƙasaita, don ya ji labarin dattijon yana da 'ya kyakkyawa wadda babu irinta a unguwar, mai hankali, mai murya kamar sarewa. (Ki karanta wannan wurin a hankali.) Ya sauko da agogo daga bango, ya rungume shi, ya fito tsakar gida don ya sami haske. Ashe a bayan randa akwai talotalon gidan yana kallonsa. Talotalo ya ga baƙo, ya buɗe wutsiya, ya kumbura, ya ce gulu-gulu-gulu. Saurayin nan ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Ya zagaya tsakar gida, talotalo na biye, agogon da ya ƙi bugawa wata da watanni ya fara bugawa a ƙirjinsa don tsoro. Takalmi ɗaya ya yi gabas. Shi kuma ya ɗare kan duron ruwa yana kiran uwarsa.

Ki tsaya a nan. Zai ce miki kare ne. Zai ce ƙaton kare baƙi mai jajayen idanu, kuma bai gudu ba, ja da baya ya yi da sauri don ya kare agogon mutane. Tun kafin a haifi uwarki yake faɗin haka. Ki bar shi ya yi ta bayani, girman karen kaɗai zai ishe ki ki gama ƙafa ɗaya.

Amma tabon safar nan bai kwanta mini ba. In kin ɗaga ƙafar ki duba da kyau. In fason ya buɗe, ko wurin ya yi ja ko ɗumi, kada ki cusa mai a ciki, ki kai shi likita ko da gardamar za ki ja shi har can.

Ki ba ni amsa da wannan zuwan na direba.

Kakarki, 'yar dattijon mai agogon bango.

*

Kaka,

Gaisuwa da jinjina. Muna lafiya. Na sara miki.

Ina cewa "talotalo" yatsan ya tashi kamar an danna maɓalli. Ya ce, "Tsaya, tsaya. Haka ta rubuta? Mu gani." Na ce ba a ba ni izinin nunawa ba. Ya ce, "Matar nan ba za ta daina ɓata mini suna ba har a takarda. Kare ne. Kansa kaɗai ya kai wancan rediyon." Kafin ya sauko daga kan karen zuwa wutsiyarsa na wanke ƙafar dama na shafe na sa safa. Sai da na ɗauki ta hagu ya ɗan leƙo ya ce, "Ke me kike yi ne a nan?" Na ce, "Kaka ta ce har uwarka ka kira." Ya ce, "Ƙarya ne, addu'a nake yi da ƙarfi." Shi ke nan ya sake tafiya.

Ta hagun ta buɗe, Kaka, kuma gefen ya yi ja. Washegari na ce masa in ya tabbata kare ne ya zo mu je ya gaya wa likita, mu ji ko mai ilimi zai yarda. Ya sa hula. Likita ya wanke wurin ya rufe, ya ba da magani, ya ce mun zo a kan gaɓa. Ya ce a ci gaba da shafa mai a sauran fatar kullum ba fashi, don kada wani wurin ya sake tsagewa, kuma a mayar da shi ya sake gani. Game da karen, likita ya ce shi ba fanninsa ba ne.

Yanzu kullum bayan la'asar da kansa yake zama, har yana gyara zaman ƙafar ta yadda za ta yi mini kusa, wai shi bai san yana yi ba. Sai dai labarin ya fara tsufa. Jiya na karanta har kan duro, yatsan bai tashi sosai ba, ya ce, "To daga nan sai ta ce me?" Ki aiko da ci gaba da sauri, man yana nan amma makamin ya kusa ƙarewa.

Takwararki.

*

Takwara,

Gaisuwa. Alhamdu lillahi da kuka je. Na karanta wurin likitan na ajiye takardar na ɗaga hannu ina ta hamdala, har mai jego ta tambaye ni ko lafiya. Allah ya yi miki albarka. Mu ma lafiya, Mai Barci ya fara koyon halin ɗan'uwansa.

Ga ci gaba, na ƙara masa barkono.

Saurayi yana kan duro, sai 'yar dattijon ta fito, wannan kyakkyawar. Ta dubi talotalo ta ce masa "kai, tafi," ya tafi. Don talotalon ma gurgu ne, ido ɗaya gare shi, kuma tsufa ya sa ba ya iya cin tsaba sai an jiƙa masa. Saurayi ya ce zai sauko cikin mutunci, murfin duro ya goce, ya zurma ciki har ƙugu, amma ya ɗaga agogo sama bai jiƙe ba, wannan kam a ba shi. Ya tafi gida da takalmi ɗaya yana ɗigar ruwa. Washegari ya dawo wai neman takalmi. Jibi ya dawo wai jin lafiyar agogo. Har yau ba a ba shi takalmin ba, shi kuma bai daina zuwa ba.

Wurin "gurgu" zai ishe ki ƙafa biyu, ki yi ta maimaitawa.

Ni kuwa nan, in gaya miki abin dariya, na yi sabuwar ƙawa: kusurwar ƙofar kicin. Hitar nan ta busar mini da baya, tsakanin kafaɗun nan inda hannu ba ya kaiwa, ƙaiƙayi kamar an zuba mini tururuwa a riga. In na ga ba kowa sai in jingina da ƙofar in yi ta goga kamar akuya a jikin bango. Shekaranjiya na ga ɗan jini a rigata. Mai jego ta kusa kama ni, na ce ƙarfin ginin nake gwadawa. Ai ba zan kwaye wa matar ɗana baya ba, yarinya da ɗinki a ciki da jarirai biyu a hannu, ga kunya. Sanyin ma ya kusa rabi, zan daure.

Wannan na ƙarshen tsakanina da ke ne, kada ki karanta masa.

Kakarki.

*

Takwara,

Ina gaisuwa, amma a tsaye nake rubutun nan. Direba ya zo ya koma ya sake zuwa, hannunsa wayam. Na tambaye shi ya ce shi bai ga kakanki a bakin shago ba da ya wuce. Na sa Auta ya kira ki, kika ce masa "lafiya lau, zan rubuto." Lafiya lau ɗin waya na san ta, ni na koya wa uwarki.

Na koma takardarki ta baya na sake karantawa. Kin ce likita ya ce a mayar da shi ya sake gani. Da farko na ɗauka dubawa ce kawai. Yanzu na fara tunanin ko kwantar da shi aka yi kike ɓoye mini. Ki faɗa mini gaskiya, ƙafar tana nan? Na riga na ɗaure kayana. In direba ya sake zuwa babu takarda, a gaban motarsa zan zauna, mai jego ta yi haƙuri.

Kakarki.

*

Kaka,

Ki kwance kayanki. Ƙafar tana nan, ba a kwantar da kowa ba, likita ya ce ciwon yana rufewa. Ki gafarce ni da shirun, na zaci zan shawo kan abin ni kaɗai ba sai na tayar miki da hankali ba. Ban iya ba.

Kaka, wa ya koya miki rubuta "kada ki karanta masa" a ƙarshe? Ni ina karatu da ƙarfi, hannuna a cikin mai, idona yana bin layi. Na wuce gurgun talotalo, yana ta kumfar baki, na shiga ƙofar kicin, na wuce akuya, na wuce jinin riga, sannan na iso wurin gargaɗin. Shi ma na karanta masa shi da ƙarfi.

Yatsan ya sauka. Ya zare ƙafarsa daga cinyata a hankali ya ajiye a ƙasa. Ya dube ni ya ce, "Wa yake shafa mata?" Na ce shafa me? Ya ce, "Bayan. Duk sanyi sai ya yi mata haka, har ya fashe in an bari. In ta gama da ƙafata sai ta juya ta ce in duba mata ko wani abu ya cije ta. Ni kuma in duba da mai a hannu." Ashe dabarar taku biyu ce, rabi kika ba ni.

Tun ranar ya shiga yajin aiki. Magani yana sha, ciwon yana bari a wanke, amma mai ko ɗigo. Shago ma ya daina fita, wai ba ya jin daɗin aiki. Na karanta gurgu, na ƙara da kuturu daga kaina, ko gezau. Ga sanyi ya tsananta, diddigen dama ya fara yin fari yana jan layi. Ina tsoron kada mu koma inda muka fito.

Ga saƙonsa, ya sa na rubuta yana tsaye a kaina:

"Ki gaya mata ƙafata ba za ta ga mai ba sai bayanta ya gani. Matar Auta 'ya ce, ba baƙuwa ba. Kuma ban yarda da bakinta ba, mace da ta mayar da kare talotalo. Yarinyar ta rubuto da hannunta cewa ta shafa. In ta yi haka, to na yarda. Talotalo ne. A rubuta na ce talotalo ne."

Da ya faɗi na ƙarshen sai ya juya yana goge tabarau, ya daɗe yana gogewa.

Ki yi wa Allah ki yi sauri.

Takwararki.

*

Takwara,

Gaisuwa. Muna lafiya, sai dai an ci ni da yaƙi, kuma ke ce kika buɗe musu ƙofa. Malamar makaranta guda, ba ki san a fara leƙa ƙarshen takarda ba? To na ji, ni ma da na san inda ake sa gargaɗi da na wuce ajin da na tsaya.

Direba yana ƙasa yana jira, na hana shi tafiya, saboda haka a gurguje. Ina gama karanta takardarki na tarar da mai jego a ɗaki, yara sun yi barci. Na tsaya a bakin ƙofa ina ta kame-kame, na yi maganar hita, na yi maganar tsadar sabulu. Daga ƙarshe na juya mata baya na ce, "'Yar nan, duba mini ko wani abu ya cije ni." Ta ce, "To, Mama." Ban ji ta tashi neman komai ba, sai na ji hannu da mai a bayana. Ashe kwalbar tana ƙarƙashin matashinta tun tuni. Ta ce, "Mama, fentin ƙofar kicin ya goge daidai tsayinki. Kunya ce ta hana ni magana." Ka ji mu, ni ina kunyarta tana kunyata, ƙofa tana shan wahala.

Hannunta da laushi, ba irin na wani ba da yake shafa mutum kamar yana goge gilashin agogo. Kada ki karanta masa wannan. Kin ga, na sake sa shi a ƙarshe. To karanta masa, ya ji.

Ga shaidar da ya nema:

Baba, ina gaisuwa. Ni ce matar Auta. Na shafa wa Mama mai a baya yau bayan ta yi wanka, kuma zan riƙa yi kullum har ta dawo. Wurin ya ɗan fashe amma ba sosai ba. Don Allah a ba da ƙafa.

To ya gani da hannunta. Yau ɗin nan, Takwara, ba gobe ba, ki ɗauko 'yar kujera. Ki fara da ta dama.

Saura magana ɗaya, ita ce babba. Wannan "talotalo ne" da ya ce, ban karɓa ba. Ki mayar masa da abinsa. In ya yarda, da me za ki riƙe ƙafar gobe? Da me ni zan riƙe ta baɗi, da baɗin baɗaɗa in Allah ya kai mu? Mutum ya yi shekara da shekaru yana tsare da karensa, rana ɗaya ya sake shi saboda bayan tsohuwa. Ban yarda ba.

Saboda haka ki zauna, ki gyara murya, ta kunnen dama, ki ce Kaka ta yi tunani ta tuno da kyau. Kare ne. Ɗan kwikwiyo, bai fi tafin hannu ba, ko haƙori bai fito ba, kuma lasar takalmin kawai ya zo yi.

Ki sa ido a kan yatsan.

Kakarki.